Shinkafar Ƙanwata Ta Tsaya Mini a Wuya

Goggo Maryamu,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, bakina ya ja mini abin da na rasa yadda zan fita daga cikinsa. Na daɗe ina karanta wannan fili naki, har nakan yi wa wasu masu rubuto miki dariya, yau ga ni na shiga layinsu. Na sauya sunayen waɗanda zan ambata, duk da na san in danginmu suka karanta sai sun gane ni.

A Badariya nake zaune, nan Birnin Kebbi. Maigidana malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ni kuma ina ɗinki a gida, ina sayar da zoɓo da ƙanƙara in an samu wuta. 'Ya'yana duk maza ne sai autarsu Rauda, kuma ita za mu aurar nan da 'yan makonni. Yaron sunansa Mujtaba, ɗan Argungu ne, mai natsuwa, ba ni da abin cewa a kansa. Kayan ɗaki mun lallaɓa mun yi daidai ƙarfinmu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abincin baƙi. Amma in na ce miki abincin ne kawai na yi ƙarya, domin akwai ƙanwata a cikin maganar.

Zuhura ke bi na, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da ta auri Aminullahi, manomin shinkafa a Gulma, har kuka na yi don tausayinta, ina ganin ni na dace da ɗan boko a birni ita kuma an kai ta bakin fadama. Shekara da shekaru ni ke aika mata da sabulu da sukari da atamfofin da na gaji da su. To duniya ta juya. Noman rani ya karɓi mijinta, ya sayi injinan ban-ruwa, ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, ya biya mata Makka. Yanzu in ta yi dariya haƙorin Makkan nan ne ke fara gaishe ki. Ita ce Hajiya, ni har yau Malama, don ina auren malami. Ban taɓa yi mata mugun fata ba, Allah ne shaidata, amma duk sanda na ji an ce Hajiya Zuhura sai abin ya sosa mini rai.

Bara ta aurar da 'yarta Ummu Hani. Tun ana saura kwanaki na tattara na tafi Gulma, kamar yadda ya kamata ga babbar ya. Goggo, na ga abinci. Shinkafa daga rumbunsu, albasa daga Augie wurin dangin mijinta, busasshen kifi kwando-kwando, ga sa da aka kayar. Duk wanda ya shigo sai an dire masa tire, har masu wucewa zuwa gona an tsayar da su sun ci. Amma wa ya tsaya a kan tukwanen? Ni ce. Ni na haɗa miyar, ni na auna gishiri da daddawa, ni na sha hayaƙi har idanuna suka kumbura, bakin zanena ma wuta ta lashe shi. Ita tana ɗaki cikin leshi tana karɓar barka. Da maroƙiya ta tashi, ta wasa Zuhura, ta wasa Aminullahi, ta wasa gonarsa har da injinansa, ni ko sunana ba ta sani ba. Ita Zuhura kuwa ba ta ɗaga baki ta ce ga yayata da ta yi aikin ba. Har yau in an haɗu a suna ko ta'aziyya sai an tayar da zancen miyar bikin Hajiya Zuhura, ni kuma ina zaune ina murmushin dole.

A ranar ne haushi ya sa na saki baki. Muna zaune da matan dangi bayan an ci an ƙoshi, na ce ai mu a Birni an daina wannan cin na taron hannu a tire ɗaya, in Allah ya kai mu bikin Rauda kowa da robarsa da cokalinsa zai ci, kuma shinkafa 'yar waje, ba mai tsakuwa ba. Na faɗa ne don in huce, a lokacin ko manemi tsayayye Rauda ba ta da shi. Ashe mata sun adana maganar. Abin da ya ƙara dagula lissafi, mahaifiyar Mujtaba tana wurin bikin nan, don suna da zumunci da mutanen Gulma. Ranar da danginsa suka kawo lefe, cikin raha suka ce sun san hannun gidanmu tun daga Gulma, saboda haka da yunwarsu za su zo. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Na je wurin wata mai girkin biki a unguwarmu, ta yi mini lissafin abinci a roba, kowace da yankan nama da lemon kwalba. Abin da muka tanada ko dangin Malam kaɗai ba zai ciyar ba, balle ƙawayen amarya da mutanen Argungu da maƙwabta. Ga shinkafar wajen da na cika baki a kanta, kuɗin buhunta ya sa na fita daga shagon ko sallama ban yi ba.

Sai na yi wata dabara da nake jin kunyar rubutawa. Da maza suka zauna sa rana, na matsa wa Malam a kan lallai a sa ta cikin girbin shinkafar rani. Na ce masa don a ba mu lokacin shiri ne. Gaskiyar ita ce na lissafa cewa a lokacin mutanen Gulma suna fadama, maza na yanka mata na sheƙa, ba mai barin amfaninsa a ƙasa ya zo biki, sai dai su turo mutum biyu-uku su wakilce su. Ni da aka haifa a gidan noma, zaman birni ya mantar da ni cewa lokacin girbi ne ɗan ƙauye ke da kuɗin mota. Saƙon da ya iso mini shi ne sun ji daɗin ranar ƙwarai, Aminullahi zai ɗauki 'yan ƙwadago su ƙarasa masa yankan, matan kuma har sun yi magana da direbobi, sun fitar da anko. Da a tsakiyar damina aka sa, lokacin da aljihu ya bushe, da rabinsu ba su zo ba. Da hannuna na zaɓo ranar da za su fi cika mini gida.

Ana cikin haka wata 'yar kawunmu ta shigo ta ce ai na huta, ta ji Hajiya ta ware mini buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, har da albasa da kifi. Kin ji, dangi sun sani kafin ni. Da Zuhura ta kira ni ta faɗa da bakinta, sai na ji kaina ina cewa mun gode, mun riga mun gama tanadi, ta bar abinta. Ta ce to, za ta dai ajiye. Amma na san masu saye suna bin gonaki da motoci a wannan lokaci, kuma mijinta ba zai zauna gadin buhunan da aka ce ba a so ba. Malam bai san an yi tayin ba, bai kuma san na mayar ba. Kullum yana zaune da carbi yana cewa Allah zai rufa asiri, ni kuma na san ta inda rufin asirin ya zo na kore shi.

Abin da nake hangowa shi ne a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidana, ana sauke buhuna, duk Badariya na kallo, kowa ya san daga inda suka fito. A ci a tashi a ce Hajiya Zuhura ta sake yin biki, wannan karon a Birni. 'Ya ɗaya gare ni mace, Goggo. Biki ɗaya nake da shi a duniya, shi ma sai a ba ta?

Wadda ta ƙarasa ni ita ce Rauda. Shekaranjiya tana taya ni ninke ɗinki ta tambaye ni yaushe Innarta Zuhura za ta iso, wai gara ta zo da wuri don ita ta san kan tukunyar taro, kowa ya shaida a bikin Ummu Hani. 'Yar da na haifa ke nan. Tana can cikin ƙawaye ana lalle, ba ta ga wanda ya sha hayaƙin ba. Zuhurar da ni na koya mata tuƙa tuwo. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Yanzu tunani uku nake yi. Ko in sayar da keken ɗinkina in ƙara a yi robobin, ko in buga kati in ce ba mai shiga sai da shi, ko kuma in yi roba ga mutanen Argungu da na Birni, 'yan Gulma a zuba musu a tire a bayan gida tunda abin da suka saba ke nan. Na san kowanne da aibinsa. Ina son ƙanwata, ina kuma jin ƙyashinta, duka biyun gaskiya ne. Ki faɗa mini yadda zan ciyar da mutanen nan ba tare da na ji kunya ba, kuma ba tare da na miƙa mata bikin 'yata ba.

Taki,
Uwar Amarya, Badariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, Uwar Amarya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Na yi dariya a wurin sa ranar nan, ki yafe mini, amma ban raina kukanki ba. An yi miki ba daidai ba a Gulma. Wanda ya tsaya a kan wuta har zanensa ya ƙone ya cancanci a ambace shi, kuma kalma ɗaya daga bakin Zuhura a gaban mata da ta wadatar. Haka nan bai kamata labarin gudummawarta ya zaga dangi kafin ya iso gare ki ba. Sai dai ki yi mata adalci. Uwar amarya a ranar biki ba ta san inda kanta yake ba, ke ma kin kusa ɗanɗanawa. Kuma macen da yayarta ta yi shekaru tana aika mata sabulu da sukari, ba abin mamaki ba ne ta ƙagu ta ga ranar da ita ma za ta aika da wani abu, har zumuɗi ya sa ta faɗa wa mutane. Ke kina ganin nuna arziki ne, ni ina ganin ramuwar alheri ce da ta daɗe tana jira.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki. A Gulma hannunki ne ya yi miya, amma aka ce bikin Zuhura, saboda a gidanta aka ci. To me ya sa kike zaton a Badariya za a sauya wannan al'ada? Baƙo ba ya tambayar gonar da shinkafa ta fito, gidan da ya ƙoshi yake riƙewa, haka ma gidan da ya kwana da yunwa. Abin da ya ƙona miki rai bara shi ne zai yi miki aiki bana. Ita za ta kawo, ta sha hayaƙi, a ce bikin Malama ya yi albarka. Maƙwabtan da za su ga ana sauke buhuna kuwa, abin da za su ce shi ne matar nan tana da dangi.

Dabarunki uku duk ki ajiye su. Keken nan shi zai ciyar da ke bayan an watse. Kati ba ya hana 'yar ƙauye da goyonta shiga gidan 'yar'uwarta, sai dai ya jawo miki gaba. Ta ukun ta fi muni. Ranar da kika ba wasu roba a tsakar gida kika kai 'yan Gulma bayan gida, kin yanka zumuncin da Rauda za ta buƙata, ga shi Argungu za ta zauna, kusa da su, ba kusa da ke ba.

Robar ma ki daina kallonta a matsayin burgewa. Ita roba ƙidaya gare ta, in kin yi ɗari mutum na ɗari da ɗaya ya tashi da yunwa, kuma wanda ya ƙoshi da rabi sai ya tura sauran a jaka. Tire kuwa mutum biyar za su zauna, ta shida ta zo a matsa mata, kowa ya tashi ba a san wanda ya ci kaɗan ba. Maganar da kika yi bara, in wata ta tuna miki, ki riga ta dariya ki ce kasuwa ta yi miki gyaran baki. Babu macen da ke cefane a wannan zamani da ba za ta gane ba.

Ga yadda za ki yi da shinkafar. Ki roƙi Zuhura, in akwai ragowar ta bara a rumbu, ta haɗa miki da ita, domin tsohuwa ta fi auki kuma ba ta caɓewa, ita za ki yi dafa-duka da ita. Sabuwar da aka yanka yanzu ki bar ta ga tuwo da masa, a nan laushinta ke da amfani, har tsakin da injin casa ke fitarwa kada a zubar, ya shiga ƙullun masa. Ta dafa-dukar a guma ta a shanya a cashe tun a can Gulma inda suka iya, a rege ta da kyau, ba mai jin tsakuwa. Wannan aiki yana cin kwanaki, shi ya sa ba ki da lokacin jan aji. Kuɗin da kuka tanada kuma ya tafi ga mai da kayan miya da itace da ɗan nama. Naman kada a yi masa yankan kowa-da-nasa, a daddatsa shi ƙanana ya bi miya tare da busasshen kifin, kowace loma da ɗanɗanonta. Ki zuba wake a dafa-dukar, yana ƙara yawa yana riƙe ciki. Lemon kwalba ki manta da shi, ke da kike sana'ar zoɓo.

Ki tara cin abincin a wuni ɗaya. Ranar kamu da lalle masa da kunu sun isa, maza a wurin ɗaurin aure goro da dabino da alawa. Ranar wunin kada a sauke tukwane duka lokaci guda, a riƙa dafawa bi da bi, don yawancin bikin da abinci ya yanke ba ƙaranci ne ya jawo ba, 'yan farko ne suka kwashe. A fara zuba wa yara nasu a babban tire su koma gefe. Kason mutanen Argungu a cire shi tun tukunyar farko a rufe a kuloli, a sa a ɗaki, a ba wata dattijuwa mai tsare gida makullin, irin wadda ba a yi mata magana biyu. Ludayin rabo ya zauna a hannun mutum ɗaya, kuma ba a ƙulla wa kowa a leda sai kowa ya ci.

Wannan mutum ɗayan kuwa Zuhura ce. Uwar amarya ba ta tsayawa a murhu, ɗaki za ki shiga ki sa leshinki ki karɓi barka. In kina son miyar ta zama taki, ki haɗa kayanta da hannunki da safe ki miƙa. Rauda kuma ki zaunar da ita ki faɗa mata wanda ya yi miyar Gulma, ba da haushi ba, ki koya mata kafin ta tafi. Yarinya ba ta san abin da ba a nuna mata ba.

Malam ya ji gaskiya yau, ba gobe ba. Zai yi faɗa, amma gara hakan da ya ji a bakin Aminullahi. Sannan kada ki gyara wannan a waya. Ki shiga mota ki je Gulma, ki samu ƙanwarki ku biyu, ki ce mata ba ki gama tanadin komai ba, kuma abin da ya faru bara ya yi miki ciwo. Ina kyautata zaton ba ta ma san kin ji ciwon ba. Kunyar da za ki ji a gaban mutum ɗaya da kuka sha nono ɗaya ta fi sauƙi a kan wadda za ki ji a gaban surukai da tukunya wayam.

Ƙyashi yana zuwa wa kowa, ni ma ban fi ƙarfinsa ba, laifin shi ne a bar shi ya yi wa mutum lissafin biki. Baƙin nan da kike tsoron bakinsu za su ci su wanke hannu su tafi. Ranar da aka kai Rauda, kika dawo kika ga ɗakinta a buɗe ba kowa, ba su za ki nema ba. Za ki so a ce akwai wadda ta rage a gidan, ta ɗaura zanen aiki tana kankare tukwane tana jan ki da hira har kukan ya wuce. Ki je ki ɗauko ta tun buhunan suna nan.

Allah ya ba Rauda da Mujtaba zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya sa albarka a tukunyarki, ya bar ki da 'yar'uwarki.

Goggo Maryamu